Askar Baturen da Ta Sa Hamma Hawaye

A zamanin da Jega take cikin Jihar Sakkwato, an yi wani mutum a unguwar da ke bayan makarantar firamare, sunansa Lauwali. Allah Ya hore masa baki, amma hannun nan nasa, wayyo, ko igiyar guga ya ɗaura sai wani ya zo ya sake ɗaurawa. Duk abin da aka ƙera a duniya Lauwali ya san shi, ya taɓa gyara shi, kuma Bature ya taɓa cire masa hula a kansa. Asalin wannan ilimi kuwa, lokacin da ake shimfiɗa kwalta ne kamfanin titi ya ɗauke shi riƙon jan ƙyalle yana tsayar da motoci. Ba a je ko'ina ba aka sallame shi, don ya ɗaga wa motar yashi hannu ta wuce ta zurma rami, shi yana can yana ba wani direba labari. In ka ji daga bakinsa kuwa, shi ya ajiye aikin don Turawan sun dame shi da neman shawara.

To, Lauwali ya ga mace ya ƙyasa. Dije ce, wata bazawara mai sayar da fura da nono a bakin makaranta, tana zaune wurin gwaggonta a nan Jega. Ita ma ba ta ƙi shi ba, don in ya fara zuba takan yi dariya har ludayi ya nutse mata a ƙwarya. Matsalar guda ce, wanta Hamma, wanda aurenta ke hannunsa. Hamma Bafulatani ne mai shanu a Gumbin Kure, dogo, magana ba ta dame shi ba. Tun yana saurayi sunansa ya zaga ƙasar, domin an sha zabga masa bulala a filin shaɗi bai taɓa ƙifta ido ba, balle a yi zancen hawaye. Har ya manyanta, in ya shigo kasuwa sai ka ga ana nuna shi ana cewa ga mutumin da idonsa bai san ruwa ba.

Lauwali ya wanke riga ya tafi gaisuwa. Hamma ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce, "Kai, mi kaka yi?"

"Komi da komi, Hamma."

"Komi da komi ba sana'a ba ta. Saniya ba ka da, gona ba ka nomawa. Ka gwada min aiki guda da hannunka ya iya, in gani da idona, sai in ba ka Dije. In babu, hanyar da tak kawo ka tana nan ba ta tashi ba."

Lauwali ya dawo Jega yana saƙe-saƙe, sai Allah Ya jefo masa Malam Solomon.

Malam Solomon malamin makaranta ne, mutumin ƙasar Zuru, bai daɗe da zuwa garin ba, saboda haka bai san hali ba. Kowace safiya yakan rataya madubi a jikin darbejiyar ƙofar gidansa, ya shafa kumfa a haɓa, ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai sheƙi, mai gajeren mariƙi da faffaɗan kai, ya ja a fuska, ya tsoma a kofi, ya sake ja. Kafin ka ce me, fuska ta fito sumul, babu yanka ko ɗaya. Lauwali ya sha hango wannan abu daga nesa, har ya raɗa masa suna askar Bature. Rannan sai ya tarar da Malam yana ta kokawa da ita yana tsaki.

"Malam, lahiya? Askar Bature ta ka ba ka wahala? Kawo nan. Irin wagga na wanke ta hi ɗari. Babban Baturen titi ba shi bari kowa shi taɓa tashi in ba ni ba."

Malam Solomon yana saurin tafiya duba jarrabawa a Kimba da Alelu, ya ji daɗi ya samu gwani. Ya ce, "To madalla. Amma don Allah ka kula da ita, ta babana ce, da ita ya je yaƙin Bama, can ƙetaren teku, ya dawo. Ita kaɗai na gada a wurinsa. Ka ga, tun jiya na cire rezar da ke ciki na jefar, ta dakushe, ƙarfen nan gidanta ne kawai, ga shi na mayar na murɗe ya ƙi sake buɗuwa. In ka murɗa mariƙin zai rabu gida uku, haka aka yi shi, sai dai busasshen sabulu da guntayen gashi sun cushe shi ya yi tauri. Ka jiƙa shi a ruwan zafi da sabulu, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka bar shi ya bushe sarai, ka ɗiga masa man keken ɗinki a wajen murɗawa. Shi ke nan. Kada ka kusance shi da yashi."

Bayani ne mai kyau, wanda ko jaki ya ji zai gane. Sai dai daidai lokacin da Malam ya buɗe baki Dije ta ɓullo da ƙwarya a ka, tana tafe tana rangaji. Lauwali ya bi ta da ido tun daga bakin rijiya har ta sha kwana, kansa yana ta gyaɗawa shi kaɗai, yana cewa, "Awo. Ƙwarai. Na sani. Wanga ai tun tuni." Wallahi ko kalma guda ba ta shiga kunnensa ba. Malam ya damƙa masa, ya hau babur ya tafi.

Lauwali ya dubi abin da ke tafin hannunsa, sai ya ji dabara ta faɗo masa. Ga sana'a har gida! Bai zame ko'ina ba sai rumfar Gambo wanzami, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Gambo, ka hwara neman wani aiki. Zamanin tsaga ma mutane kai ya wuce. Ranar kasuwar Maiyama za ni buɗe askin zamani, ba yanka, ba jini, ba zahi."

Gambo yana wasa askarsa a tafin hannu, bai ko ɗago ba, ya ce, "Allah Shi kai mu. Wa za ka hwarawa da shi, in yi mai addu'a?"

"Hamma na Gumbin Kure!"

Askar ta tsaya cak a hannun Gambo. Ya ce, "To kai zan yi ma addu'ar."

Kafin azahar Lauwali ya ba Dije saƙo ta aika wa wanta, kafin la'asar duk Jega ta ji. Sai da ya gama shela tukuna ya shiga gida ya gwada. Ya naɗe wando, ya shafa sabulu a ƙwauri, ya ja. Gashi ya kwanta, ya tashi. Ya sake ja da ƙarfi. Gashi ya sake kwantawa, ya sake tashi, ko guda bai fita ba. Inna Azumi, tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi, ta leƙo ta saman danga.

"Lauwali, mi kaka ɗiba ga ƙahwarka da cokali?"

"Inna, wanga ilimi na, ba a yi shi zamaninku ba. Dauɗa ta toshe kaihin, wanki kawai taka so."

"To in ka gama ka ara min in kankare kihi."

Da safe ya ɗebi toka a murhun Inna Azumi ya nufi gulbi, inda mata ke wanke tukwane. A ganinsa ƙarfe ƙarfe ne, abin da ya fid da baƙin tukunya shi zai fid da dauɗar aska. Ya tsuguna a tsakiyarsu, ya damƙi yashi da toka ya shiga dirza. Ya dirza, ya dirza, har farin sheƙin nan da ya tsallake teku ya je Bama ya dawo ya fara ɓarewa, wani ja-ja ya bayyana a ƙarƙashi. Lauwali ya miƙe tsaye ya ɗaga ta sama.

"Kun gani? Zinariya ta ciki! Turawa ɓoye ta suka yi da hwarin henti don ɓarayi. In ba wanda yaz zauna da su ba, wa ka sanin haka?"

Wata mata ta ce, "Ni kau sai nig ga kamar ta hi kyau da hwarko."

"Ke wanke tukunyarki."

Ya koma ya kama mariƙi da hannu ɗaya, kai da ɗaya hannun, ya murza da iyakar ƙarfinsa. Ruwa ya riga ya jiƙa busasshen sabulun, sai ji ya yi abu ya saki sulul. Mariƙi ya rage a hannun dama, faranti mai haƙora ya faɗa cinyarsa, murfi ya yi tsalle ya ce tsulum cikin gulbi. Jama'a, abin da Malam Solomon ya kasa kenan, abin da ya roƙa a yi masa kenan, ga shi Lauwali ya yi. Amma Lauwali sai ya ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Na karya ta! Na karya askar soja!"

Ya faɗa ruwa da riga da hula. Ya nutse ya fito da katantanwa. Ya nutse ya fito da murfin kwalba. Matan nan suka bar tukwane suna ta faɗuwa a kan juna don dariya, wata tana nuna masa gabas wata yamma. Da ƙyar ya lalubo murfin cikin laka, hularsa kuwa ruwa ya riga ya yi gaba da ita. Ya jera gutsattsarin uku a kan dutse yana kallo. Ga Malam zai dawo, ga Hamma an riga an aika masa.

To amma a ƙasar nan, in abu ya karye kowa ya san inda ake kai shi. Lauwali ya ƙulle su a tsumma, ya ɗare bayan wata a-kori-kura sai Aliero, garin masu ɗori.

A zauren Malam Garba mai ɗori mutane ne jere, wannan da ƙafa a ɗaure da kara, wancan da hannu a rataye. Lauwali ya kutsa yana haki. "Ku ba ni hanya! Karaya ukku ta, wuri guda!"

Mutane suka yi salati suka dare. Malam Garba ya taso da sauri yana naɗe hannun riga. "Subhanallahi! Ina mai ciwon? Babba na ko yaro?"

"Tsohuwa ta, Malam. Har yaƙi ta je."

"Tsohuwa? Yaƙi? Ku shigo da ita mana!"

Lauwali ya durƙusa ya kwance tsumma a hankali. Malam Garba ya duba tsumma, ya duba Lauwali, ya sake duba tsumma. Ya ɗauki mariƙin ya jujjuya, ya ce, "Bawan Allah, ni ƙashin ɗan Adam nika ɗorawa. In ta matsa, in taimaki jaki. Wagga ko ɓargo ba ta da."

"Malam, ko tohi ka yi mata, a ɗaure da kara."

Wani mai karayar haƙarƙari da ke kwance a gefe ya fashe da dariya, ya koma ihu, ya sake dariya, yana roƙon a fitar masa da mutumin nan kafin ya kashe shi. Malam Garba ya tattara tsumman ya danƙa wa Lauwali, ya nuna masa hanyar rumfar Tamu, mai liƙin bokiti da fitilu a bakin kasuwa.

Tamu ya karɓa ya duba. Ya ga ɗan tsinin da ke jikin murfi, ya ga ramin da ke bakin mariƙi, ya ce, "Anya wagga karyewa tay yi? Kamar hwa murɗa ta aka."

Lauwali ya ji an taɓa masa ilimi. "Tamu, tsakanina da kai wa yay yi aiki da Turawa?"

"Kai na."

"To liƙe ta. Ka zuba dalma da kyau, yadda har a tashi duniya ba ta sake rabuwa. In ka gama, ka ga haƙoran ga? Dubi yadda sunka dakushe, kowane da kai mulmulalle. Su na kaihin. Ka bi su da magagari ɗaya bayan ɗaya."

Haƙoran nan kuwa an yi su mulmulallu ne don su tsare fata kada reza ta ci mutum. Tamu ya ɗaga kafaɗa, ya hura wuta, ya narka dalma ya ɗura ta ko'ina, ya cike duk wata kafa da reza za ta iya shiga. Sannan ya sa magagari ya feƙe haƙoran har suka koma kamar na kifin ruwa. Lauwali ya so ya gwada a ƙwaurinsa, ya dubi haƙoran, ya fasa. Ya ɗauki wata albasa da ta gangaro daga buhu ya ja mata sau ɗaya, ta yi fata-fata.

"Ka ga kaihi! Ko sabuwa ba ta kai haka ba."

Saura abu guda, wuta ta mayar da ita baƙa ƙirin. Amma mutum yana Aliero, albasa har bakin hanya, kuma Lauwali ya sha ganin mata na goge tsatsar wuƙa da ita. Ya roƙi ruɓaɓɓu a wurin masu ɗaurin buhu, ya sa aka kirɓa masa a turmi, ya cika gwangwanin madara babba da ruwan da tuƙar, ya tsoma askar a ciki ya rufe. Ya ce a nan za ta zauna har ranar kasuwa. A motar komawa Jega babu wanda ya yarda ya zauna kusa da shi.

Ranar kasuwar Maiyama, Lauwali ya riga masu rumfa zuwa. Ya kafa turmi a kife a ƙarƙashin wata tsamiya, daidai gaban inda Gambo wanzami yake baje zabirarsa, ya shiga kururuwa. "Askin zamani! Askin Turai! Ba yanka, ba zahi! Wanda duk yas saba da a tsaga mai kai, ga Gambo can!" Mutane suka taru, masu sayen hatsi da masu jan awaki. Dije ta zo ta sauke ƙwaryarta a gefe, ta zauna tana murza zoben hannunta, don ita abin ba wasa ba ne a wurinta.

Da hantsi Hamma ya iso da sandarsa a kafaɗa, abokansa Fulani na biye. Ya cire malafa, ya zauna a kan turmi, ya miƙe wuya. Suma ce cunkus, irin ta mutumin da ya daɗe a daji. Lauwali ya shafa masa sabulun wanki, ya buɗe gwangwani. Na sahun gaba suka ja da baya suna toshe hanci.

"Maganin Turawa na," in ji Lauwali. "Ba kowane hanci ka ɗaukar shi ba."

Ya yi bisimilla, ya ɗora a goshi, ya ja har ƙeya. Ƙurrr! Kowa ya miƙa wuya. Gashi ko ƙwaya bai faɗo ba, sai dai wasu layuka ja-ja da suka bayyana a tsakiyar kai, jere reras kamar an bi fangalin albasa da manjagara. Hamma bai motsa ba. Mutumin da bulala ba ta sa shi ƙifta ido ba, ina ɗan wannan? Lauwali ya ga haka, ya juyo ga jama'a yana washe baki.

"Kun gani? Ko motsi bai yi ba! Hamma, akwai zahi?"

Hamma ya ce, "Babu."

"Kun ji da kunnenku!"

Gambo ya ce daga inda yake, "To ina gashin?"

"Daga saiwa taka kashe shi, sai daga baya shi zube. Kai dai kalli ilimi."

Sai ya tuna yadda Malam Solomon kan tsoma a kofi bayan kowane ja. Ya tsoma a gwangwani, ya ciro tana ɗiga, ya sake ja. Ƙurrr! Ya tsoma, ya ja. Ya tsoma, ya ja. Ruwan albasar Aliero da ya kwana ya tsima ya shiga cikin layukan nan, saura ya gangaro ta goshi, ya ratsa gira, ya sauka cikin idanun Hamma. Idanu suka kaɗa suka yi jawur. Hamma ya cije, jijiyar wuyansa ta tashi, ya ƙura wa reshen tsamiya ido yadda yakan ƙura wa sama a filin shaɗi. Ya yi iyakar yinsa, Allah Ya gani. Amma albasa ba bulala ba ce, ba ta san jarumi ba. Wani ɗigo ya taru a gefen ido, ya yi rawa, ya gangaro kan kumatu. Wani ya biyo shi. Sai ga su shar-shar har gemu.

Kasuwa ta yi tsit. A cikin Fulanin nan akwai wani dattijo, Buba, wanda a zamanin samartaka ya karya bulala a ƙirjin Hamma bai samu ko ƙifta ido ba, abin yana cinsa har yau. Buba ya matso, ya sunkuya, ya leƙa fuskar Hamma.

"Hamma? Kuka kaka yi?"

"Ba kuka nika ba."

"To mi ag ga kumatunka? Ruwan sama?" Buba ya jefar da sanda ya ɗaga hannu sama. "Jama'a ku zo ku gani! Abin da nik kasa da bulala, ga wani ya yi da cokali!"

Lauwali ya ga abu na neman lalacewa, ya ce bari ya gyara. "Ku dakata! Hawayen daɗi na! Haka Turawa ka yi in aski ya yi musu daɗi, har shessheƙa suka yi!"

Ai kuwa sai kasuwa ta ɓarke. Masu awaki suka saki igiya, wata mai ƙosai ta kusa faɗawa cikin mai. Dije ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ana cikin haka sai ga ƙarar babur. Malam Solomon ne, haɓa ta yi buzu-buzu da gashi, ya dawo daga ƙauyuka ya yi ta neman Lauwali har Inna Azumi ta gaya masa inda za a same shi. Ya ratsa taro, ya ga abin da ke hannun Lauwali, ya tsaya. Ya karɓa a hankali. Baƙa, ja-ja, dalma ta toshe ta ko'ina, tana warin albasa. Ya kama mariƙi ya murɗa. Ko gezau. Ya sake murɗawa har yatsunsa suka yi fari.

Lauwali ya ce, "Kada ka wahal da kanka, Malam. Ta karye gida ukku, ni nis sa anka ɗora ta. Ba ta sake rabuwa har abada."

Ran Malam Solomon ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Lauwali, abin nan ya shiga yaƙi ya fito lafiya. Na ba ka wanki kawai." Ya sa hannu a aljihu ya fito da sabuwar reza a cikin takardarta, ya ɗaga. "Yanzu ta ina zan sa wannan?"

Lauwali ya dubi reza, ya dubi Malam. "Reza? Mi reza ka yi ciki?"

Gambo ya kwanta a kan tabarmarsa yana shure-shure. Buba ya riƙe ciki. Lauwali ya yi ta maza ya ce, "Ai irin ta Sakkwato ba a sa mata reza," amma babu wanda ya ji shi.

Hamma ya miƙe tsaye. Ya goge fuska da hannun riga, ya juya ga Malam Solomon cikin ladabi. "Malam, ka ara min abin ga kaɗan."

"Ɗauka. Ba ta da sauran aikin da za ta yi mini."

Lauwali ya waiga zai zame, Fulani sun riga sun kewaye shi da sanduna. Hamma ya nuna masa turmi. "Zamna. Kai kac ce ba zahi."

"Hamma, ai ni jiya-jiya anka yi min aski."

"Zamna."

Tun ƙarfen bai taɓa shi ba Lauwali ya fara kiran sunan uwarsa. Hamma bai yi gaggawa ba. Ya ja, ya tsoma, ya ja, ya tsoma, yadda aka yi masa, bai ƙara ba bai rage ba. Ihun Lauwali har masu awon gero a ƙarshen kasuwa sun ji. Da Hamma ya gama, ya ɗauraye askar da ruwan buta, ya miƙa wa Malam Solomon da hannu biyu ya ba shi haƙuri. Malam ya naɗe ta a hankici ya sa a aljihun ƙirji. Su biyun suka tsallaka zuwa wurin Gambo, aka aske wa ɗaya kai, ɗaya haɓa. Da Hamma zai tafi ya tsaya a kan Lauwali, ya ce, "Na ga aikin hannunka da idona." Ya juya ya ce wa Dije ta haɗa kayanta, Gumbin Kure za ta koma.

Da la'asar kasuwa ta fara watsewa, Lauwali na zaune a gindin tsamiya, kai duk zane, yana gaya wa wasu masu jiran mota cewa wannan shi ne askin da ake yayi a Sakkwato, sai nan gaba zai iso ƙauye. Sai ga Dije. Ta durƙusa ta juye masa sauran furar da ta rage a ƙoƙo, ta ajiye a gabansa.

"Sha, ka yi ihu da yawa." Sannan ta ce, "Ka san na roƙe shi? Har ya yarda, ya ce ko rabin kai ka aske mai, ya ba ka ni. Ga goro can cikin jakarshi, da shi yaz zaka."

Lauwali ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Rannan da Malam ka yi maka bayani, ni kaka kallo, na gane ka sarai. Da ka ba shi kunnenka ɗan lokacin nan, Lauwali, da ka kalle ni har ka gaji."

Ta ɗora ƙwarya a ka ta bi bayan wanta, ba ta waigo ba. Lauwali ya bi ta da ido har ta shige cikin shanu.

Gambo ya naɗe zabira zai wuce, ya tsaya ya dube shi. Ruwan albasar ya daɗe da bushewa a kansa, har ya yi ɓawo, amma fuskar a jiƙe take sharkaf.

"Lauwali, har yanzu albasar ta?"

Lauwali ya ja hanci, ya ɗauki ƙoƙon fura.

"Awo," in ji shi. "Albasa ta. Ta Aliero ƙarhi gare ta."